Ƙoƙon Gero na Kowa da Kowa

Shekarar da aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira, ita ce shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke mana a ƙasar Gobir. Dawowata ke nan daga Sakkwato, inda na daɗe ina karatu a zauren wani malami. Kaina cike yake da littattafan fiƙihu, ina ganin babu tambayar da za a yi mini a ƙauyenmu in rasa amsarta. Ƙauyen yana tsakanin Sabon Birni da Gangara, mahaifina kuma shi ne limaminsa. Na tarar gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, gulbi ya koma yashi, mata suna jiƙa 'ya'yan anza na daji su zubar da ruwan ɗacin su sake jiƙawa. Buzaye kuwa sai gangarowa suke daga arewa, ba raƙumi ba akuya, daga su sai yara da jakunkunan fata.

Mutum biyu ne a garin yunwar ba ta taɓa ba. Ɗaya Alhaji ne, dillalin shanu, wanda farin ma ƙara masa arziki ya yi, don makiyaya suna sakar masa saniya a farashin tunkiya, shi kuma ya loda su kudu. Ɗayar kuma yayar mahaifina ce, Goggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, sai ta kama fataucin hatsi. Tana da manyan rumbunan laka, waɗanda muke kira ruhewa, cike da gero, ta yi shekaru tana tarawa don ta sayar ta tafi Makka. Ba mace ce mai fara'a ba. Ko gaishe ta ka yi, sai ta fara duban ƙafarka ta ga ko ka shigo mata da ƙasa.

Katanga ɗaya ta raba gidanta da na wani tsohon masaƙi. Tun da yadin kanti ya cika kasuwa sana'arsa ta mutu, sai gonar da yake nomawa, ita ma fari ya cinye. Bai taɓa roƙon kowa ba. Wani makiyayi ne ya gan shi can cikin daji yana tonon gidan tururuwa yana tsince hatsin da suka tara, ya yi nisa da gari don kada a gan shi. Matarsa kuwa ta kai ga ba ta iya tashi salla sai a zaune.

Goggo ta aika musu da gero a ƙwarya, ya dawo da shi. Ta aika da tuwo, ya dawo da shi da ɗuminsa. Sai ta tashi da kanta ta same shi a ƙofar gida. Ina wurin, don ni na rako ta.

"Mi ya hana ka ci?" in ji ta.

"Ni ba miskini na ba," in ji shi. "Na gode da alheri."

"Matarka hwa?"

"Ita ma ba miskiniya ta ba. Ran da na ga Alhaji dillali ya miƙa hannu ya amshi sadaka, ni ma za ni amsa."

Ya faɗi haka ne don ya rufe maganar, kamar mutum ya ce sai ran da jaki ya yi ƙaho. Goggo ta dube shi, ta ce, "To." Ta juya muka tafi.

Bayan la'asar ta shigo zauren mahaifina, ta zauna a kan buzunsa ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce daga Alhamis mai zuwa za ta buɗe ruhewa, duk mai rai a garin nan yana da ƙoƙo ɗaya na gero kowane mako, mai shi da marar shi, kuma kowane mai gida shi zai zo da ƙafarsa ya karɓi na iyalinsa. Ta ce abin da ya kawo ta shi ne a gaya mata sunan wannan abu a shari'a, don ba ta son ta yi aikin da ba a san inda za a rubuta mata shi ba.

Mahaifina ya ce ba zakka ba ce, don mutanen zakka an riga an lissafa su, mawadaci ba ya ciki, kuma ita ta riga ta fitar da tata. Ya ce a kira shi sadaka.

"Sunan da anka ƙi ke nan," in ji Goggo. "Sake wani."

Ya ce kyauta. Ta ce kyauta tana jawo tukuici da ramuwa, talaka zai kwana yana tunanin abin da zai mayar mata. Ya ce wakafi, ya kuma janye da kansa, don wakafi abu ne mai zama a ci amfaninsa, gero kuwa daka shi za a yi. Nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Na gyara zama na ce a zamanin halifofi na farko baitulmali yana yanka wa mutane rabo, har jaririn da aka haifa, ba don ya yi aiki ba sai don yana cikin al'umma. Na kawo littafi, na kawo babi, na ji daɗin muryata.

Mahaifina ya bari na gama, sannan ya ce, "Yayata ba halifa ba ce."

"Ruhewa dai tawa ta," in ji Goggo.

Ya tuna mata da Makka. Ya ce aikin hajji ya wajaba a kan mai iko, ita kuma tana gab da samun ikon, tana son ta zubar da shi da hannunta. Ta ce in ta hau jirgi ta bar maƙwabciyarta ta mutu a bayan katanga, da wace fuska za ta tsaya a Arfa. Aka tashi ba a sami suna ba, mutanen gari suka sa masa nasu: ƙoƙon Goggo.

Ni aka ɗora wa tambayoyin da za su taso, tunda ni na yi karatun birni. Na ɗauka ba za su yi yawa ba. Tun Alhamis ta farko wani ya zo ya ce matarsa tana da ciki, a ba shi na abin da ke cikin. Na ce ai a gado ma ana ajiye wa ciki rabonsa, sai aka ba shi. Mako na gaba rabin matan garin suka wayi gari da ciki, har da wata da ta yi jika. Wani kuma ya ce ungozoma ta taɓa cikin matarsa ta ji kawuna biyu. Goggo ta ba shi, ta ce in ɗaya aka haifa za ta zo karɓar ɗayan.

Buzayen da suka kafa bukkoki a bayan gari suka aiko a tambaya ko suna cikin kowa. Wasu 'yan gari suka ce a'a, wasu suka ce sai sun shekara. Goggo ta yanke cewa duk wanda ya kwana a garin daren Alhamis, ɗan gari ne har rana ta faɗi. Sai ga wata tsohuwa ta zo neman rabon aljanin da ke cikin tsamiyar bakin rijiya, ta ce ya riga kakanninmu zama a nan, kuma bai taɓa kwana wani wuri ba. Mahaifina ne ya fid da ni, ya ce abincin aljanu ƙashi ne, in an yi yanka a tuna da shi. Tsohuwar ta tafi tana cewa an zalunci dattijo.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na wani manomi da ya rasu da hantsin Alhamis, bayan an fara rabo, kafin layi ya kai kan gidansa. 'Ya'yansa suka ce ya ga fitowar ranar, saboda haka ƙoƙonsa ya shiga dukiyarsa, a raba musu gado. Na duba na ga ba su yi ƙarya ba. Bayan an kai shi, na zauna a tsakar gidansu da ƙoƙon gero guda da cokali, na fitar wa matarsa da sumuninta, wato ɗaya bisa takwas, na ba kowane namiji rabon mata biyu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan mata ta ce cokalin yayanta ya fi tudu, aka sake. Da na gama, uwarsu ta bi su da ƙwarya ta tattara duka ta zuba a turmi, don tukunyarsu ɗaya ce.

Duk wannan ana yi, wanda aka yi abin dominsa bai karɓi ko ƙwaya ba. Kowace Alhamis masaƙin zai sa rigarsa ta saƙi, ya zo ya tsaya a gindin darbejiya nesa da layi, ya bi mutane da ido ɗaya bayan ɗaya. In ya ga babu Alhaji, sai ya juya gida. Alhaji kuwa ya rantse ba zai tsaya layi ɗaya da masu kiwon shanunsa ba. Da aka matsa masa ya aiko bara, Goggo ta kori baran. Mahaifina ya je ya yi masa nasiha, Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, kai da bakinka ka ce hannun da ke sama ya fi na ƙasa. Yanzu kuma in kai nawa ƙasa?" Mahaifina ya dawo yana cewa wa'azinsa ne ya juyo ya cije shi.

Goggo ta riƙa auna rabon Alhaji da na iyalinsa tana zubawa a wata randa daban. Matar masaƙin kuwa, ta kan katanga Goggo take miƙa mata kunu a ɓoye in mijin ya fita, amma hakan ba ya riƙe rai, shi kansa kuma wuyansa ya zama kamar kara.

Wata safiya ta aiko a kira ni, na same ta ta yafa mayafinta na fita unguwa.

"Shirya, za mu Isa," in ji ta. "Za ni kai Alhaji ƙara."

"Goggo, a kan me?"

"Kai ka yi karatu. Ka samo a hanya."

A lokacin Isa muke kai shari'a. Muka hau bayan wata motar itace da ta sauke kaya, muka bi hanyar da gawar shanu ta yi mata layi hagu da dama. Ban samo komai a hanya ba. Aka aika wa Alhaji sammaci, ya zo ranar da aka sa, cikin babbar riga mai aiki, yana ƙamshin turare, da mutane biyu a bayansa.

Alƙalin wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce mai ƙara ta yi bayani. Na miƙe za ni yi magana a madadinta, ta ja rigata na zauna.

"Allah ya gafarta Malam, wanga mutum ya hana ni sakat a kan gero."

"Ya ci miki gero?"

"Ya ƙi ci."

Alƙali ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Kin ba shi ajiya ya hana?"

"Ni ke mishi ajiya. Randa ta cika, ƙwari sun fara shiga."

"Gero na wa?"

"Nashi," in ji Goggo.

"Ba nawa na ba!" in ji Alhaji.

Alƙali ya ce tun da ya hau wannan buzu yake raba mutanen da kowa ke cewa abu nasa ne, bai taɓa ganin waɗanda kowa ke cewa na ɗan'uwansa ne ba, a shekarar da ake tonon gidan tururuwa. Magatakarda ya ajiye alƙalami yana dariya a cikin hannun riga. Aka sa ni na bayyana yadda rabon yake tun daga farko. Alƙali ya saurara, ya tambayi Goggo abin da zai rage ta da shi in Alhaji bai karɓa ba, tunda sauran gari suna karɓa.

Na dubi Goggo. Kalma ɗaya za ta faɗa a gane komai. Amma ɗakin cike yake da mutane, har da 'yan garinmu da suka biyo kallo, in ta ambaci masaƙin, labarin yunwarsa zai riga mu isa gida. Ta ce, "Ni dai na ce kowa, shi kuma yana cikin kowa."

Alƙali ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya yanke hukunci: kyauta ba ta cika sai da karɓa, kuma shari'a ba ta tilasta wa mutum ya karɓa. Alhaji ya yi nasara. Ya fita yana baza riga, mutanensa suna yi masa barka kamar ya ci gadon sarauta.

Muna shirin fita alƙali ya kira ni gefe. Ya ce, "Akwai wanda ba ya ci sai Alhaji ya ci, ko?" Na sunkuyar da kai. Bai tambayi ko wane ne ba. Ya ce, "Ka ce wanda ya kwana garinku daren Alhamis ɗan gari ne?" Na ce haka Goggo ta yanke. Ya ce in gai da mahaifina.

Ranar Laraba da yamma sai ga alƙalin a kan wata ramammiyar goɗiya, da yaron kotu yana ja. Ya sauka a gidanmu, ya ce ya zo ziyarar ɗan'uwa malami. Suka yi hira da mahaifina a kan littattafai, aka ba shi fura mai ruwa-ruwa ya sha ya yi godiya. Da safe ya ari ƙwarya wurin mahaifiyata, ya tafi ƙofar gidan Goggo ya shiga layi, tsakanin wani Buzu da mai gyaran takalma. Mutane suka dare za su ba shi hanya, ya ce kowa ya tsaya inda yake.

Labari ya kai wa Alhaji. Ya zo da sauri don ya gai da babban baƙo, ya durƙusa a gefen layi yana "Allah ya gafarta Malam, ai da an sanar da ni, da gidana ka sauka." Alƙali ya amsa gaisuwa, ya matsa kaɗan ya buɗe wuri a gabansa, ya ce, "Bismilla, Alhaji. Ka riga ni zama garin nan, ba na shiga gabanka."

Alhaji ya duba hagu ya duba dama. A ce ya ƙi wurin da alƙali ya ba shi da hannunsa, a gaban gari duka, abu ne da ba ya yiwuwa. Ya shiga. Layin yana tafiya a hankali, don Goggo ranar ta ga dama ta riƙa share bakin kowane ƙoƙo da yatsa sau biyu. Da aka zo kansa ba shi da abin zubawa. Ta ce ya tara riga. Ya kama gaban babbar rigar nan mai aiki ya tara, ta auna nasa da na matansa da na 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya tana kiran kowa, har rigar ta yi ciki. Ya tafi gida yana tafiya kamar mai ɗauke da jariri, geron yana zuba ta gefe, kaji suna bin sa.

Na waiwaya gindin darbejiya. Masaƙin ya bar wurin, yana can ƙarshen layi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu don shi ma bai zo da ƙwarya ba. Da ya iso, Goggo ba ta ɗaga kai ta dube shi ba. Ta auna biyu, nasa da na matarsa. Ya ce, "Da wanga ƙoƙo anka auna ma Alhaji?" Ta ce da shi. Ya ce ya ga kamar na Alhaji bai kai nasa tudu ba, shi ba ya son a fifita shi. Ta ɗebe 'yan ƙwayoyi ta mayar. Sannan ya karɓa.

Kafin azahar sai ga jakuna daga gidan Alhaji ɗauke da buhunan dawa. Ya aiko a ce a juye a ruhewar Goggo, don kada wani ya ce ya ci hatsin gwauruwa. Goggo ta karɓa ba godiya. Alhamis ta gaba ya sake zuwa layi, don yanzu in bai zo ba za a ce hukuncin alƙali yake jin haushi, ya kuma sake aiko da jakuna. Mai kantin garin ya ga ana maganar Alhaji, shi ma ya aiko da wake. Wani mai fataucin goro da ba ya ga maciji da mai kanti ya aiko da maiwa, ya sa a bi da ita ta ƙofar kantin. Ruhewar da ya kamata ta yi ƙasa sai ta tsaya cik, har mata suka fara cewa Goggo waliyyiya ce, wasu suna shafa bangon suna shafawa a fuska.

Na tambayi mahaifina ko waɗannan mutane suna da lada, tunda girman kai ne ya sa su bayarwa. Ya ce niyya ba a gabansa take ba, ba kuma a gabana ba, abin da ya sani shi ne yaran da ke zuwa karatu sun daina yin barci a kan allo. Ya ce in ina son in yi musu wa'azin riya in bari sai an yi girbi.

Ba kowa abin ya tsirar ba. Mun binne tsofaffi da ƙananan yara a wannan bazarar, musamman cikin baƙin da suka iso a galabaice. Matar masaƙin ta tashi, har ta koma zuwa rijiya. Shanu suka ƙare a daji, cinikin Alhaji ya tsaya, jakunansa suka rage zuwa, daga baya suka daina. Ƙoƙo ya koma rabi, rabi ya koma tafin hannu. Goggo ta buɗe ruhewa ta ƙarshe, ta kwashe 'yan kayanta ta dawo gidanmu da ci, tana kushe miyar mahaifiyata kullum. Maganar Makka ba ta sake tasowa ba, kuma ba ta je ba har ta rasu.

Ruwan farko ya sauka ana saura abin da aka share daga gindin ruhewa. Mutane da yawa sun riga sun cinye irinsu, sai aka ce wannan rabon na ƙarshe kada a daka, a shuka. Amma hatsin ya riga ya cakuɗe, geron Goggo da dawar Alhaji da waken mai kanti da maiwar mai goro, ba mai ƙarfin zama ya tsince. Haka aka watsa shi a rami. Da shuka ta tashi gonakinmu suka zama abin kallo, rami ɗaya gero da dawa suna rige-rigen tsawo, wake ya naɗe su duka biyun, maiwa tana baya ba ta san an fara ba. Masu wucewa zuwa kasuwar Sabon Birni suna tsayawa su nuna da baki.

Da kaka ta kusa wani malamin gona ya zo a kan keke, ya zagaya gonakin, ya tsuguna ya tona gindin shuka, ya tashi ya tambayi wanda ya koya mana wannan dabara, don yana son ya kai rahoto. Aka kai shi wurin Goggo. Ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce a'a. Ta ce wa mahaifiyata a zuba masa tuwo, amma a gaya masa tun da wuri miyar ba gishiri.